Me ke sa ruwan tsofaffin ramukan jan ƙarfe ja da kore?

Ɗalibin Kimiyya: Salamu alaikum malamai. A hotunan kogin Rio Tinto na Sifaniya ruwan ja ne wur, amma gefensa akwai rawaya da kore. Sinadari ne ko wani abu mai rai? Ruwan da pH ɗinsa (ma'aunin asid; ƙaramar lamba na nufin asid mai ƙarfi) ke wajen 2 zai raya komai kuwa?

Mai Duwatsu: Wa alaikumus salam. Tushen abin dutsen pyrite ne, haɗin ƙarfe da farar wuta. Da haƙa ta tone shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya saki asid. Ba don bakteriya ba, da aikin ya yi nawa. Irin su Leptospirillum da Acidithiobacillus ferrooxidans daga narkakken ƙarfen suke samun kuzari, suna mai da shi nau'in da ke yin tsatsa, shi kuma ya koma ya ci wani pyrite ɗin. Jan nan ke nan. Inda ruwa mai daɗi ya shigo pH ya haura 3, ƙarfen kan kwanta a ƙasa kamar kunun rawaya. Kusan pH 5 alminiyam ne ke kwanciya, fari fat.

Hajiya Maikuroskof: Ɗana, a yi hattara da koren, iri biyu ne. In ɓawon gishiri ne a busasshen gefe, shuɗi ko tsanwa, wannan salfet ne na jan ƙarfe ko na ƙarfe, ruwan sama ɗaya zai narkar da shi. In yana da santsi, yana fitar da kumfa in rana ta take, gansakuka ce, irin su Euglena mutabilis. Ita aka samu har a ramin haƙar jan ƙarfe na Berkeley da ke Montana a Amurka, wanda ya fara cika da ruwa bayan an kashe famfunansa a 1982, ruwan da ya kashe dinyoyi 342 a 1995. Gwaji mai sauƙi: a kankare ƙusa, a tsoma ta minti goma. In ta fito da jan rufi, akwai jan ƙarfe a narke. A da, da tarkacen ƙarfe aka riƙa tsamo shi a tafkunan Parys Mountain na Birtaniya.

Mai Duwatsu: Gaskiya ne, Hajiya. Mai ɗibar samfuri kuma ya sa safar roba da tabarau, ya auna pH nan take a bakin ruwa, mitar ya saita ta da ruwan gwaji mai pH 4 da mai 1.68. Mitar da aka saita da 7 da 4 kawai ba abin dogaro ba ne a ƙasa da 3. Ya tace da matata mai ƙananan ramuka na maikuron 0.45, ya ɗiga asid na nitrik, in ba haka ba ƙarfen zai kwanta a kwalba kafin a isa ɗakin gwaji, sakamako ya fito ƙasa da gaskiya.