Neman shawara: in saka sunana na yanka a fostar DJ ko in nemi laƙabi?

Slm 'yan gida, don Allah shawara nake nema amma a bari in gama kafin a fara dariya. Ni a Stockholm nake shekara ta huɗu kenan, da rana aikin kwamfuta nake a wani kamfani, ranar Alhamis da daddare kuma ina zuwa wajen rawar Lindy Hop, rawar nan ta baƙaƙen Amurka da ta taso a unguwar Harlem ta New York, wadda ake takawa da kiɗan swing na shekarun 1930. Wani abokin aiki ne ya ja ni kallo sau ɗaya, shikenan ƙafa ta saba. Tun bara na fara saka musu kiɗa daga laftof ɗina duk daren da ba a ɗauko makaɗa ba, kuma wlh mutane suna yabawa. To yanzu za a yi taron kwana uku, mai shiryawar ta ce in turo suna da hoto kafin Juma'a za ta saka a fosta da Facebook. Nan fa ake yinta. Hajiyarmu ba ta san ina wannan harkar ba, kuma kun san in aka ce DJ a gida ba abin da ke zuwa kan mutane sai gidan gala da bikin da ake raba dare ana liƙi, ga wani baffanmu da ba ya barin komai ya wuce shi a waya. Amma na duba fostar bara, duk su biyar ɗin sunansu na gaskiya suka saka, ba mai wani DJ kaza. Ya zan yi?

Yayarku ta Landan: Ƙanena ni ma ina wannan rawar shekara bakwai, bari in gaya maka yadda abin yake. A wajen swing ba a ɗauki DJ tauraro ba kamar na kulob da ake haska masa fitila yana ɗaga hannu sama. Kai kana can lungu ne bakin ɗan tebur, idonka a kan ƙafafun mutane, ka ga sun jiƙe da gumi bayan kiɗa mai gudun bugu 200 a minti sai ka sauko da su wajen 130 su sha iska, ka ga 'yan koyo sun maƙale a bango sai ka saka musu mai sauƙin takawa su fito fili. Shi ya sa yawanci sunan gaskiya ake sakawa, don masu shirya taro mutum suke nema ba alama ba, wata a Berlin za ta tambayi ƙawarta wa ya saka kiɗa daren Asabar, a ce wane ne, ta neme ka. In ka zo da wani suna mai ƙyalƙyali irin DJ Wuta Sallau za su yi maka kallon wanda ya ɓata hanya daga kulob. Amma fa ba doka ba ce, na san masu laƙabi kuma ana gayyatarsu.

Mai shagon waya: Hhhh DJ Wuta Sallau ya yi wlh, ka saka kawai. Ko DJ Sanyin Suwidin.

Malamin tarihi (mai ritaya): Ɗan'uwa, ni abin da ya ba ni mamaki shi ne a ce masu saka faifai suna ƙyamar laƙabi alhali masu kiɗan kansu da laƙabi duniya ta san su. Duke Ellington sunansa Edward, Count Basie sunansa William, Chick Webb da ƙungiyarsa ke riƙe da dandalin Savoy shi ma William ne, Fats Waller kuma Thomas. Shi dandalin Savoy ɗin a 1926 aka buɗe shi, aka rufe a 1958, kuma a nan rawar taku ta girma, baƙi da farare suna rawa a fili ɗaya a zamanin da hakan ba ƙaramin abu ba ne a Amurka. Cikin masu rawar ma akwai George Snowden da ake ce wa Shorty saboda gajartarsa, ita kuwa Norma Miller da ta rasu a 2019 sarauniyar swing ake ce mata. Sai dai ka lura da abu guda, irin su Shorty da Fats ba zama suka yi da biro suka zaɓar wa kansu ba, jama'a ne suka kalli jikinsu suka liƙa musu, ya bi su har kabari. Haka yake a wajenmu, Ɗan Maraya Jos sunansa Adamu, maraicin ne ya zame masa suna. To tambayata, su masu rawar me suke kiranka in ba ka wajen?

Wani bawan Allah: Ni dai shawarata ka duba abin da kyau tun daga tushe. In har sai ka ɓoye wa mahaifiyarka, to ba sunan ne matsalar ba. Allah ya sa mu dace.

Yayarku ta Landan: Bawan Allah maganarka akwai ƙamshin gaskiya, ban musa ba, amma ba duk abin da mutum bai kai gida ba ne abin kunya, wani lokacin bayanin ne ke da tsawo. Ni sai da na nuna wa Innarmu bidiyon Frankie Manning, wani tsohon gwanin Lindy Hop, yana rawa yana da shekara tamanin da ɗoriya kafin ta daina ce min 'yar gala. Mutumin nan fa shekaru kusan talatin ya yi yana aikin gidan waya bayan kasuwar rawar ta mutu, sai a shekarun 1980 matasa suka nemo shi ya dawo koyarwa, har ƙauyen Herräng da ke arewa da ku ya sha zuwa, wajen sansanin rawar nan da ake yi duk bazara tun 1982. Da sunansa na yanka ya yi duk wannan har ya rasu a 2009. Inna ta kalla ta ce oh, wannan tsoho da ƙarfin gwiwa yake, shikenan magana ta mutu.

Tsohon DJ na biki, Kano: Ni ban san rawarku ba amma na yi shekara goma sha biyu ina jan sifika a gidajen biki, abu ɗaya zan faɗa maka, duk sunan da ka saka a fostar farko shi ke nan ya zauna. Ni wani suna na sakarci na ɗauka ina saurayi don burga, yanzu ina da 'ya'ya huɗu na bar harkar amma har a ƙofar masallaci da shi ake kirana, ranar ɗaurin auren ƙanwata wani ya ƙwala min shi a gaban surukai na rasa inda zan sa kaina. Ka zaɓi wanda ko ka yi furfura aka kira ka da shi za ka iya amsawa. Sannan hoton fa? Kana ta maganar suna ka manta hoto, baffan naka ai fuska zai gani ba rubutu ba.

'Yar ofis: Ka tuna da wajen aiki ma, duk wanda zai ɗauke ka aiki nan gaba sai ya buga sunanka a Google. A Turai ba za su damu ba gsky, wasu ma burge su zai yi, amma in kana da niyyar komawa gida neman aiki ko neman aure to ka yi lissafi.

Mai tambaya: Kai jama'a na gode, ban zaci za a amsa haka ba. Baba malamin tarihi tambayarka ta sa ni dariya ni kaɗai a jirgin ƙasa, don kuwa akwai sunan. Kullum da filas ɗina nake zuwa, shayi mai citta da kanumfari, ina ajiye shi gefen laftof, su kuma da sun gaji sai su zo da kofunan takarda suna roƙo. Wata rana na ce musu a garinmu mai wannan sana'ar Mai Shayi ake ce masa, tun daga nan ba wanda ya ƙara wahalar da harshensa da sunana, dama yadda suke murɗe shi har tausayin kakana nake ji da aka yi min takwara da shi. Na tura wa mai shirya taron Mai Shayi ba tare da DJ a gaba ba, hoto kuma na filas ɗin na ɗauka da hedifon rataye a wuyansa. Hajiya kuwa in na kira ranar Lahadi zan fara shimfiɗa, Yaya ki turo min bidiyon tsohon nan don Allah.

Mai tambaya: Sabon labari, mai shirya taron ta turo samfurin fostar yanzu, ta rubuta My Shy. Na mayar mata ta gyara.