Ruwan Wikki ko bakin teku a Legas? Ku bani shawara dan Allah

Baban Ummi:
Assalamu alaikum yan uwa. Hutun yara na karshen shekara ya kusa kuma tun bara nake musu alkawarin zan kaisu wani waje amma har yanzu shiru, yanzu kam an tsareni a gida. Uwargida ta kafe ita teku take son gani a Legas don bata taba ganin teku ido da ido ba sai a waya, ni kuma wani abokin aikina ya cika min kunne da labarin ruwan zafin Wikki na Yankari. Daga Kano zamu tashi, mu shida ne harda Hajiyata wadda ke fama da ciwon gwiwa, kuma ance wai ruwan yana maganin sanyin kashi. Wanda ya taba zuwa ya fada min gsky, zafin ruwan baya kona yara? Kuma mata suna iya shiga cikin mutunci?

Dan Alkaleri:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ka tambayi dan gida, gandun dajin Yankari a karamar hukumarmu ta Alkaleri a jihar Bauchi yake. Abu na farko ka cire kalmar zafi daga ranka, ruwan dumi ne kawai, maki 31 yake a ma'aunin zafi dare da rana rani da damina baya canzawa, jikin mutum kuwa 37 ne kaga ko kusa bai kama kafar ruwan wankan jego ba balle ya kona yaro. Amma a watan Disamba da hunturu ya kankama, ka sauka da sassafe kana rawar dari ka tsoma kafa, wlh sai an rokeka ka fito. Daga karkashin wani katon dutse yake bulbulowa, garau kana hango yashin kasa da yatsun kafarka, kuma ba tsayayyen ruwa bane, lita miliyan 21 yake fitarwa kullum yana gangarawa kogin Gaji shi yasa baya wari baya yauki. Ta wajen dutsen da zurfi kusan mita 2, ya shanye dogon mutum, to yara su tsaya ta can kasa inda bai wuce gwiwa ko kugu ba kuma idonka na kansu.

Hanya kuma, daga Kano ka biyo Birnin Kudu da Ningi ka shigo Bauchi, ka dauki hanyar Gombe, in ka kai Dindima sai ka ratse zuwa Mainamaji inda babbar kofa take. Kar kace ka iso, daga kofar zuwa masaukin Wikki akwai sama da kilomita 40 cikin daji, don haka ka cika tanki tun a Bauchi kuma ka taso da asuba kar dare ya sameka.

Lokacin ma ka dace, da rani ciyawa ta bushe dabbobi suna taruwa bakin Gaji shan ruwa, zaku ga bauna da gwanki da gadu da dorina, giwa kuwa sai an dace don ba daure ta akayi ba, wani yazo sau daya ya ga garke guda wani yayi kwana uku sai kashinta kawai zai gani a hanya.

Maman Sadiq:
Ni kan maganar mata zan tsaya. Munje da yan gidanmu shekaru biyu da suka wuce, da doguwar riga mara nauyi da dogon wando muka shiga ba wanda ya kallemu, kawai dai ku kaucewa Asabar da Lahadi da ranakun biki saboda samari da yan makaranta sun cika wajen, bayan sallar asuba a tsakiyar mako kamar naku ne ku kadai. Sai matakala, akwai gangara mai dan tsawo kafin a kai ruwan, Hajiya sai an rike ta a hankali musamman wajen hawowa.

Sannan birai!! Gwaggon biri a wajen baya tsoron kowa, ina rike da ledar biredi a hannuna daya yazo ya fizge ya haye bishiya yana ci yana kallona, yarana har yau dariya suke min. Ku rufe kofa da taga da gilashin mota, kar a ba yaro abinci a hannu a waje.

Nas din Asibiti:
Baban Ummi don Allah kar a sa wa Hajiya rai cewa zata warke. Ruwan dumi yana sassauta jijiyoyi, kuma cikin ruwa nauyin jiki yana raguwa akan gwiwa shi yasa mutum ke jin sakayau, amma in ta fito ta kwana biyu ciwon yana nan inda yake, gugar kashi ruwa baya mayar da ita. Ta tafi da magungunanta, in tana da hawan jini kar ta dade a ciki, kuma a nemi maganin sauro.

Bakano a Agege:
Kowa ya goyi bayan Wikki to bari in tsaya wa Madam lol. Teku daban ce malam, ranar da na fara tsayawa gabanta na kasa magana, ruwa har inda ido ya kare. Amma in fada maka tsakani da Allah tekun Legas ta kallo ce, igiyar ruwan tana ja da karfi ko gwanin iyo tana tafiya dashi, mu da muka koyi iyo a kududdufi ba namu bane. Tarkwa Bay ce mai dan sauki don a killace take, ita ma sai ka shiga kwale-kwale kafin ka kai, ban san ko Hajiya zata yarda ba. Bar Beach da iyayenmu ke bada labari kuwa babu ita, an cike wajen da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic. Ga kudin mota ko jirgi na mutum shida a Disamba, ga otal, ga kida da shigar da ba lallai ka so yara su gani ba. In ruwan dumin kake so a kudu akwai Ikogosi a jihar Ekiti inda ruwan dumi da na sanyi suke haduwa, amma ga Bauchi a kusa me zai kaika can.

Baban Ummi:
Nagode kwarai Allah ya saka da alheri. Na karanta wa uwargida duka tace ta yarda da Yankari bana amma in rubuta mata a takarda cewa badi Legas, ni da ita kawai ba yara. Dan Alkaleri, daki ana kamawa tun daga gida ne ko sai anje? Kuma motar zagaya daji tasu ake shiga ko zan iya shiga da Sharon dina?