Na daina tramol jikina ya rikice, mi zan yi?

Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah wanda ya san harkar magani ya taimake ni. Ni ɗan kabu-kabu ne nan Maraɗi, tramol ɗin nan ba kullum nike sha ba, sai in an zauna fada ran Asabar ko in akwai biki, wani lokaci ɗan miligram 225 ɗin nan ne nike raba biyu. To na bari gaba ɗaya, kashegari ma sai hanci ya fara zuba, hamma ba iyaka, ga zufa ga sanyi lokaci guda, ga gudawa, ƙafafu kuwa da dare ba su tsayawa wuri ɗaya har asuba ina juyi kan tabarma. Abin da ya fi tada min hankali wani zirrr da nike ji cikin kai kamar lantarki in na juya ido.

Na zaci masassara ce, na je an gwada jini babu palu, wato masassarar cizon sauro. Wani aboki ya ce in koma in riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, wani ya ce in daure kawai, kuma na san tramol na kawo farfaɗiya, tsoro nike. Mai sha jefi-jefi ma yana shiga wannan hali? Kwana nawa yake ɗauka? In na je likita wane sashe zan nema, kuma za su rufa min asiri kar tsoho ya ji?