Neman shawara: ba ni da aure, mace nake tare da ita, kuma sanyi ya ƙi barina

Admin: Wata 'yar'uwa ce ta turo, ta ce a ɓoye sunanta. Dokar gida tana nan: ba zagi, ba ɗaukar hoton magana a kai waje.

Mai tambaya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shekarata 31, ban taɓa aure ba, namiji bai taɓa kusantata ba. Mace nake tare da ita, mun daɗe. Na san abin da wasu za su ce, amma lafiyata na zo tambaya. Tun bara nake fama da fitar ruwa mai ƙarni, ya fi tsananta bayan al'ada. In na sayi Flagyl a kyamis ya lafa, bayan ɗan lokaci ya dawo. Ita ma wadda muke tare haka take fama. Abin da ya tayar min da hankali shi ne kwanan nan ina ganin ɗigon jini bayan mun kasance tare, alhali ba lokacin al'adata ba ne. Na je wani asibiti na ce ina son gwajin kansar bakin mahaifa. Matar da ke kan tebur ta ɗago ta ce, "Kina da aure?" Na ce a'a. Ta ce to me budurwa za ta yi da wannan gwajin, a gaban mutanen da ke layi. Na karɓi katina na fito. Shin mace tana iya sa wa mace sanyi? Gwajin ya shafe ni ko na masu aure ne kawai? Kuma in na faɗa wa likita gaskiya, zai iya kai ƙarata?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Ki samu bagaruwa da kanumfari ki tafasa ki riƙa kama ruwa da shi da ɗumi, ki riƙa sa farin miski bayan wanka. Sanyin banɗaki ne, kowa yana yi.

Anti Nas: Maman Biyu, ki yi haƙuri, wannan shawarar ce take ƙara wa mata ciwon. Ƙanwata, bari in bi tambayoyinki, shekaruna da yawa a sashen mata.

Abin da muke tarawa mu kira "sanyi" ba ciwo ɗaya ba ne. Akwai mai ƙaiƙayi sosai da farin abu mai kauri kamar kindirmo, wannan Flagyl ba ya taɓa shi. Akwai mai ruwa tsinkakke da ƙarnin kifi, ƙaiƙayinsa kaɗan, wanda ke zuwa idan ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsare gaban mace suka ragu wasu suka mamaye wurin. Bayaninki ya fi kama da wannan. Akwai kuma na uku, mai ruwa kore-kore ko rawaya da kumfa da zafin fitsari, wanda ake ɗauka ta hanyar kusanta. Ba a ɗaukar su a bakin masai, duk da sunan da muka laƙa musu.

Mai ƙarnin nan an san ya fi yawa a tsakanin matan da ke tare da mata, kuma sau da yawa in ɗaya tana da shi, ɗayar ma tana da shi, domin ruwan jiki yana wucewa ta hannu da duk wani abu da aka yi amfani da shi tare. Ga shi da naci: kusan rabin matan da suka sha magani yana dawo musu kafin shekara. Idan kuma kwana biyu kike sha ki ajiye da zarar warin ya tafi, kin ba shi hanya. Yawanci kwana 7 ake yi, safe da yamma. Amma kada ki ƙara saya da ka. Ku je ku biyun, ko da a ranaku daban, a ɗauki ruwan a duba a ga wanne ne.

A daina cusa komai ciki: sabulu, Dettol, bagaruwa, alimun, miski, matsi. Ruwa zalla, a waje kawai. A yanke farce, a wanke hannu kafin da bayan, abin da aka yi amfani da shi a wanke ko a sa masa kwaroron roba a canza tsakaninku.

Jinin nan kuwa shi ne abin da ba na so ki yi wasa da shi. Yana iya zama ƙarzanewar farce ko kumburin bakin mahaifa saboda ciwon, kuma mafi yawan lokuta hakan ne. Amma sai an leƙa an gani.

Hajiya Babba: 'Yata, ni ba zan ɓoye miki ba, abin da kike ciki addini bai yarda da shi ba, kin sani na sani. Ina miki addu'a. Amma jini ba ya jiran kowa, ki tafi asibiti. Ita kuma wadda ta tozarta ki a gaban layi ba ta kyauta ba, ko wace ce ke.

Mai tambaya: Na gode Hajiya, na ji. Anti Nas, to gwajin kansar fa? Wata ta ce min tunda ban san namiji ba babu ruwana da ita.

Anti Nas: Ba gaskiya ba ne, kuma wannan maganar ta sa mata irinki da yawa ba sa zuwa sai abu ya yi nisa. Kusan duk kansar bakin mahaifa ƙwayar HPV ce ke kawo ta, kuma fata da fata take bi, ba sai da namiji ba. Hannu yana kai ta, haɗuwar gaba da gaba tana kai ta. Yawancin mutane jikinsu yana kore ta da kansa cikin shekara biyu. A wasu ne take maƙalewa, ta ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana sauya bakin mahaifa a hankali ba ciwo ba alama. Wannan tazarar ce ta sa gwaji yake da amfani: in an ga sauyin da wuri, a 'yan mintuna ake ƙone wurin ki koma gida da ƙafarki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kusan 12,000 suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Shawararta a fara gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da ƙanjamau kuma daga 25. Kin ga kin shiga.

Gwajin iri-iri ne. Akwai na shafa ruwan khal a bakin mahaifa a duba ko wuri ya yi fari, shi ya fi araha. Akwai na ɗibar samfuri a kai ɗakin gwaji. Akwai na neman ƙwayar HPV ɗin kanta, wanda a wasu wuraren ke za ki ɗauki samfurin da kanki da ɗan tsinken auduga. Sai dai ke da kike ganin jini, na ɗauka da kai bai wadatar ba, likita ya kamata ya duba da ido. Ƙarfen da ake buɗewa da shi yana da ƙarami, ki ce shi kike so, kuma kina da ikon cewa a dakata in kin ji zafi.

Allurar rigakafin HPV da gwamnati ta fara bayarwa kyauta a Oktoban 2023 ta 'yan mata ce masu shekara 9 zuwa 14. Babba sai dai ta saya a asibitin kuɗi, kuma ba ta warkar da wadda ta riga ta shiga jiki.

'Yar Lauya: Ta fannin doka. Dokar da tsohon shugaban ƙasa Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta sa ɗaurin shekara 14 a kan auren jinsi, shekara 10 a kan ƙungiya ko nuna alaƙar a bainar jama'a. Babu inda ta ɗora wa likita kai rahoton mara lafiya. Dokar Lafiya ta Ƙasa, ita ma ta 2014, a sashe na 26 ta ce bayanin mara lafiya sirri ne, sai da yardarsa, ko umarnin kotu, ko inda doka ta tilasta. Wannan a takarda ke nan. A zahiri jihohin da ke shari'a suna da nasu hukuncin, kuma fayil hannu nawa yake bi kafin ya koma ma'ajiyarsa? Mai ba da kati ma yana iya zama ɗan unguwarku. Tsoronki ba na banza ba ne.

Wata Irinki: Ni ina da aure da yara, kuma akwai mace a rayuwata, shi ya sa nake magana ta bayan Admin. Ban taɓa faɗa wa likita komai ba kuma ana duba ni. Abin da nake cewa kawai: "Ana kusantata, ina ganin jini bayan haka, ina son a duba bakin mahaifa." In an tambayi aure ki ce ba ki da shi amma kina da buƙatar gwajin, ki yi shiru. Ki tafi asibitin da ba na unguwarku ba, ki nemi ganin likitan mata kai tsaye, kada ki tsaya bayani a teburin kati. Ki haɗa da gwajin ƙanjamau da tunjere da ciwon hanta. Mu da ke da miji kuma abin da ya kwaso yana iya ratsawa ta kanmu ya isa ga wata, mutane ba sa son tuna wannan. Kuma ki kula da kanki ta ɓangaren damuwa. Ɓoyon nan yana cin mutum, ni sai da barci ya gagare ni hawan jini ya kama ni.

Anti Nas: Na yarda da ita, da gyara ɗaya. Kada ki ce ba a taɓa kusantarki ba, don daga nan likita zai ajiye ƙarfen ya rubuta miki magani ya sallame ki. Ba sai kin ce da wa ba. In ya ce a yi gwajin ciki, ki bari a yi, fitsari ne kawai, ya fi dogon bayani sauƙi. In ya ce "a kawo mai gidan a ba shi magani", ki ce to, ki tambayi sunan ciwon a rubuta miki, ita ma ta je a duba ta da wannan sunan.

Mai tambaya: Allah ya saka muku da alheri. Al'adata tana gab da zuwa, in bari ta wuce ko in je haka?

Anti Nas: Ki bari ta ɗauke da kwana biyu ko uku, an fi ganin wurin sosai. Kafin ranar, kwana biyu ba kusanta, ba cusa magani, kuma kada ki sha Flagyl don kada ya ɓoye abin da ake nema. Amma in jinin ya yi yawa, ko mara ta riƙe ki da zazzaɓi, ki tafi a ranar ko da dare ne.