Mata 'yan ajin kimiyya: yaya kuka yi ranar rabon aji a SS1?

Uwar ɗakin tambaya: Assalamu alaikum. 'Yar yayata ta shiga SS1, ta nace sai ajin kimiyya, wai injiniya za ta zama. Babanta ya ce wahalar banza ce, ta yi abin da za ta gama da wuri. Waɗanda suka bi hanyar nan, don Allah ku ba mu labari.

Injiniya daga Zariya: Wa'alaikissalam. Ni malamin lissafinmu ne ya je har zauren gidanmu ya zauna da Baba, da rahoton jarrabawata a hannu. Ba don shi ba da an tura ni wani ajin. A jami'a mu uku ne mata a ajinmu. Ranar farko a wurin walda mai kula da ɗakin ya ce in koma gefe kada hijabina ya kama wuta. Washegari na zo da ƙarami na cusa shi cikin rigar aiki, shi ke nan magana ta mutu.

Malamar kemistiri: Tawa matsalar ba a gida take ba, Hajiya. Makarantarmu ta ƙauye ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. A allo malam yake zana mana kwalba da bututu, ya ce mu ɗauka ruwan ya canza launi. Sai ana saura mako biyu firaktikal na WAEC na taɓa kayan da hannuna, hannun yana rawa, na zuba asid ya wuce ƙa'ida. Ku leƙa makarantar tukuna, ku ga ko akwai kaya da malamin fiziks. Wasu ajin kimiyyar suna ne kawai.

Tsohon ɗalibin Dawakin Tofa: Ku gafarce ni na shigo zancen mata. Tun 1977 Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa saboda ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan jiha, daga baya aka yi ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take Jigawa. Ƙanwata can ta yi. Mahaifinmu da ya fi kowa ja, shi ne yau ba ya yarda wata ta duba iyalinsa sai likita mace.

Injiniya daga Zariya: To ai nan gizo ke saƙar, Malam. Likita da nas kowa ya yarda, amma ka ce lantarki ko kwamfuta sai a taɓe baki. Hajiya, ki gaya mata JAMB ta injiniya Turanci ce da lissafi da fiziks da kemistiri. Kada ta yi wasa da lissafi tun yanzu.

Uwar ɗakin tambaya: Na gode ƙwarai. Litinin zan je makarantar in ga ɗakin gwajin da idona. Babanta kuwa Hajiyarmu zan haɗa shi da ita, ita kaɗai yake jin maganarta.