Wane irin hoto ya dace da binciken lalacewar ƙashin ƙugu a masu sikila?

Ɗalibar Digiri na Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina shirya bincike a kan matasa masu cutar sikila da ke zuwa asibiti a nan Kano, kuma abin da nake son ganowa shi ne yawan waɗanda kan ƙashin cinyarsu, wanda ke shiga gaɓar ƙugu, ya fara mutuwa saboda toshewar hanyoyin jini, wato matsalar da ke sa da yawansu ɗingishi tun suna da ƙuruciya. Malamin da ke duba aikina ya ce in ba da hoton MRI ba, sakamakon ba zai samu karɓuwa ba, alhali kuɗin da ke hannuna ba zai wuce na hoton X-ray ba. Shin bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu ya kai a ce wanda ba shi da halin MRI ya haƙura da binciken? Kuma ina matsayin CT, wato hoton da ake ɗauka da hasken X-ray yana nuna jiki yanki-yanki, tunda shi ana samunsa da sauƙi fiye da MRI?

Mai Ɗaukar Hoto ya amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminki yana da hujja, domin na'urorin nan ba abu ɗaya suke gani ba. Hoton X-ray, wanda Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a Jamus a 1895, inuwa ce ta sinadarin kalsiyam da ke cikin ƙashi, saboda haka ba ya nuna komai sai siffar ƙashin ko taurinsa ya canza. Ƙashin da jini ya daina isa gare shi yakan yi watanni yana riƙe da kalsiyam ɗinsa yadda yake, ƙwayoyin cikinsa sun mutu amma a hoto lafiya lau. Shi kuwa MRI da maganaɗisu yake aiki, kuma ruwa da kitsen da ke cikin jiki yake karantawa, don haka yana ganin ɓargo, kuma a ɓargo ne ɓarnar take fara bayyana a matsayin wani layi mai duhu da ya kewaye wurin da ya mutu.

Idan kika duba matakan wannan cuta da likitoci biyu, Ficat da Arlet, suka tsara a Faransa, waɗanda har yau ake amfani da su, za ki ga cewa a mataki na 1 hoton X-ray ba ya nuna komai. A mataki na 2 ne ake fara ganin wurare masu tauri da ƙananan ramuka, a na 3 kan ƙashin ya fara burmawa, a na 4 kuma gaɓar gaba ɗaya ta lalace. Ke nan duk wanda ya ƙidaya marasa lafiya da X-ray kaɗai, ya bar 'yan matakin farko a waje, kuma adadin da zai bayar zai gaza na gaskiya.

Game da CT, ba na ba ki shawararsa. Yana da kyau ƙwarai wajen nuna tsagewar da ke ƙarƙashin guringuntsi, amma bai kai MRI ganin ɓargo ba, kuma radiyeshan ɗin CT na ƙugu ya kai kusan ninki goma na hoton X-ray na wurin. Kwamitin da ke ba da izinin bincike zai tambaye ki dalilin haska mahaifa da maraina na matasa da wannan adadi, ba don magani ba.

Likitan Ƙashi ya amsa:

Duk abin da Malam Mai Ɗaukar Hoto ya faɗa daidai ne, sai dai ina ganin an yi saurin karkata zuwa ga na'ura kafin a daidaita tambayar. 'Yata, mene ne ainihin abin da kike son sani? In yawan duk waɗanda ƙashinsu ya fara mutuwa kike nema, to babu makawa sai MRI. In kuwa abin da ya dame ki shi ne mutum nawa ne cutar ta kai su matakin burmawar ƙashi, da yadda hakan ya shafi tafiyarsu da karatunsu da sana'arsu, to X-ray ya wadatar, kuma wannan tambaya ce mai nauyi a wajenmu, domin mafi yawan waɗanda ke zuwa hannun likitan ƙashi a wannan mataki suke zuwa. Sharaɗin shi ne ki rubuta a sarari, tun daga kan taken aikin, cewa lalacewar da ake gani a X-ray kika auna.

Kada ki raina hoton X-ray a fagen bincike. A Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi nazarin cutar laushin ƙashin yara, wadda ke kawo gwame da lanƙwashewar ƙafa, suka nuna cewa ƙarancin kalsiyam a abinci shi ne babban sanadinta a yaran da suka duba, kuma aka buga sakamakon a 1999. Da hoton wuyan hannu da na gwiwa kawai suka tsara ma'auni mai maki 10 na tsananin cutar, kuma wannan ma'auni ya fita daga Jos har aka yi amfani da shi a gwaje-gwajen sababbin magunguna a ƙasashen waje. Haka nan ma'aunin Kellgren da Lawrence na 1957, mai matakai daga 0 zuwa 4, shi ne har yanzu ake raba masu amosanin gwiwa da shi, har a wani babban bincike na amosanin gwiwa a Amurka da ya fara a 2004 da mutum 4,796, duk da cewa kowannensu an yi masa MRI.

Abin da ya ɗaga darajar waɗannan ayyuka shi ne tsari, kuma nan ne ɗalibanmu suka fi yin sakaci. Dole kowane mara lafiya a ɗauke shi a kwanciya iri ɗaya, da tazara iri ɗaya tsakaninsa da na'ura. Hoto biyu ake buƙata, ɗaya daga gaba wanda ya haɗa ƙugu biyun, ɗaya kuma cinyoyi a buɗe kamar zaman kwaɗo, saboda siririn layin da ke nuna ƙashi ya fara tsagewa ya fi fitowa a na biyun. Ƙugu biyun za ki duba ko da ɗaya ne ke ciwo, domin a sikila sau da yawa cutar takan kama ɓangarorin biyu. Sannan mutum biyu ne za su karanta hotunan, kowa shi kaɗai, ba tare da sun san wane ne ke kukan ciwo ba, ke kuma ki lissafa sau nawa suka dace da juna. Ki karɓi ainihin fayil ɗin daga kwamfutar na'urar, kada ki yarda da hoton fim da aka ɗauka da waya a jikin taga, wanda abin takaici ya zama ruwan dare.

Ɗalibar Digiri na Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Dakta, Allah ya saka da alheri. To idan na samu ɗan tallafin da zai isa MRI na mutum kaɗan, su wa ya kamata in zaɓa? Na yi tunanin in tura waɗanda suka fi kukan ciwo. Haka kuma wata abokiyar karatuna ta ce in haɗa da awon taurin ƙashi na DXA.

Malama Mai Ƙididdiga ta amsa:

Ƙanwata, in kika tura masu tsananin ciwo kaɗai, za ki samu adadi mai yawa wanda ba ya wakiltar kowa. Hanyar da ta fi ita ce ki yi wa kowa X-ray, sannan daga cikin waɗanda hotonsu ya fito babu komai ki zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a, masu ciwo da marasa ciwo, a yi musu MRI. Da wannan za ki iya ƙiyasta yawan waɗanda X-ray ya tsallake a cikin rukunin gaba ɗaya, kuma ina kyautata zaton malaminki zai gamsu. Ki zauna da masu na'urar tukuna, domin gano mutuwar kan ƙashin cinya ba ya buƙatar allurar da ke ƙara hasken hoto, kuma ba ya buƙatar duk jerin hotunan da ake ɗauka a cikakken gwaji, wanda hakan ke rage lokaci, wataƙila har da kuɗi.

Akwai kuma wani abin lura game da MRI, wato yana gani fiye da abin da ake nema. A binciken Framingham na Amurka da aka buga a 2012, an duba gwiwoyin mutum 710 da suka haura shekara 50 waɗanda X-ray bai nuna musu amosanin gaɓa ba, sai MRI ya nuna wata matsala a kashi 89 cikin 100, har da mafi yawan waɗanda ba sa jin ciwon komai. A masu sikila lamarin ya fi sarƙaƙiya, saboda ɓargonsu yana aiki fiye da kima don maye gurbin jinin da ke lalacewa, ga kuma tabon tsofaffin toshewar jini a wurare da dama, don haka kamanninsa a MRI ya bambanta da na sauran mutane tun asali. Wajibi ne ki rubuta tun kafin a fara wace alama ce za a ƙidaya a matsayin mutuwar ƙashi, kuma wanda zai karanta ya kasance ya saba da hotunan masu sikila.

Batun DXA kuwa tambaya ce daban. Yawan ma'adinin ƙashi yake aunawa, ba ya nuna mutuwarsa, kuma iyakar maki -2.5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a 1994 don tantance raunin ƙashi an tsara ta ne don matan da suka daina al'ada, ba don matasa ba. Ki bar shi zuwa wani aikin. Abin da ya fi kamata ki tanada yanzu shi ne hanyar da za ki tura duk wanda aka gano yana matakin farko zuwa wajen likitan ƙashi, domin a wannan matakin ne tiyatar huda ƙashi don rage matsi take da damar yin amfani, kuma kwamitin izini zai nemi ganin wannan tsari a rubuce.