Muhawara: Shin shirun famfon mai yana nufin ƙwaƙwalwar mota ta ƙone?

Mai gareji: Abin da na tsaya a kai shi ne, idan aka murɗa makulli ba a ji kukan famfon mai ba, alhali fis lafiya lau yake, to ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutar da take sarrafa injin, ita ce ta ƙone, domin ita ce take ba famfo wuta. Daga nan ko dai a sayo wata, ko a ja wa famfon waya kai tsaye daga makulli.

Mai wayarin: Oga, a gafarce ni, amma ƙwaƙwalwa ba ta ɗaukar wutar famfo, rile ne yake ɗauka, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta take kunnawa ya saki babbar wuta. Duk wanda ya juya rile mai ƙafa huɗu zai ga lambobi a gindinsa: 30 ita ce mai karɓar wuta daga batir, 87 ita ce mai kai wa famfo, 85 da 86 kuwa su ne bakin siririn naɗin wayar da yake zama maganaɗisu. A yawancin motoci wuta tana jira a ƙafa ɗaya ta naɗin, aikin ƙwaƙwalwa kawai shi ne ta haɗa ɗaya ƙafar da negatif ta hanyar taransisto, sai maganaɗisun ya janyo ƙarfe ya haɗa 30 da 87. Naɗin ba ya jan ko rubu'in amfiya ɗaya, famfo kuwa yana jan amfiya da dama.

Mai gareji: Na ji, amma ai duk da haka ita ce mai ba da umarni. Idan umarni bai zo ba, laifin wa?

Malamin fasaha: Malam, nan ne ake yi wa ƙwaƙwalwa rashin adalci, domin sau da yawa shirun nata da gangan ne. Honda takan kunna famfo na kimanin daƙiƙa 2 bayan murɗa makulli, sannan ta kashe shi har sai ta sami saƙo cewa injin yana juyawa. Toyota da yawa ma ba sa kunna shi ko kaɗan sai an yi sitata, saboda haka kunne ba hujja ba ne. Mataccen sanso na karankishaf, wato na'urar da take kai wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa injin yana juyawa, ko tsinkakkiyar waya, ko ruɓaɓɓen negatif, duk suna iya hana famfo aiki. Tsofaffin Accord da Civic na shekarun 1990 sun yi suna da tsagewar dalma a cikin babban rilensu, mota ta ƙi tashi idan ta sha rana, kuma maganin bai wuce sake narka dalmar ba.

Mai wayarin: Ina ƙara jan kunne a kan gwaji. Wanda ya taɓa wayar umarni, wato wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa zuwa naɗin rile, da wutar batir kai tsaye yayin da ƙwaƙwalwa ta haɗa ta da negatif, shi da hannunsa ya ƙone taransiston. Kuma ba kowace mota ce take bin wannan tsari ba, domin a motocin kamfanin General Motors (GM) da yawa wuta ƙwaƙwalwa take turawa naɗin, ba negatif ba, don haka sai an duba taswirar wayoyin motar tukuna.

Mai gareji: Ku faɗi abin da za ku faɗa, mai mota sauri yake yi, kuma duk wadda na ja wa waya kai tsaye ta tashi ta tafi.

Malamin fasaha: Ta tashi, babu musu. Sai dai an sa ƙwaƙwalwa ta kashe famfo da zarar injin ya tsaya ne saboda haɗari. Idan mota ta kife, bututu ya fashe, makulli kuma yana kunne, famfon da aka ja wa waya kai tsaye zai ci gaba da feso fetur a kan zazzafan salansa har sai tanki ya ƙare ko an cire kan batir.

Mai gareji: Wannan kam ban musa ba. Amma batun ƙonewar ƙwaƙwalwa ban janye ba, domin na sha buɗe wadda ruwa ya shiga bayan wankin inji na tarar da ita ta yi tsatsa kore shar.

Mai wayarin: Tana ƙonewa, Oga. Abin da muke roƙo shi ne, kafin a yanke mata hukunci, a musanya rilen da na oda idan iri ɗaya ne, sannan a auna ƙafa 85 da 86 da mita yayin da ake yin sitata.